Mai son busa jaz a Jidda ko Riyad, ga abin da zai tarar a ajin saksofon

Tun da aka kafa Hukumar Kiɗa a ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu ta Saudiyya a 2020, azuzuwan koyon kiɗa suka fito fili a Riyad da Jidda da Khobar, kuma 'ya'yan Hausawa mazauna ƙasar suna shiga. Wanda ransa ke kan jaz, wato salon kiɗan da ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka, ina ba shi shawarar ya fara da saksofon, abin busa na ƙarfe mai murafai, ƙirar alto. Ya fi teno, ƙirar da ta fi shi girma, sauƙin ɗauka, kuma bai kai shi cin iska ba.

Harshen karan da ake ɗaurawa a bakin busa, wanda masu shago ke kira risha, shi ke fara wahalar da sabon shiga. Sayi mai lamba 2, ka bar mai lamba 3 sai leɓe ya yi ƙwari. Jiƙa shi minti ɗaya zuwa biyu kafin ka ɗaura, ka daidaita kansa da kan bakin. Haƙoran sama su sauka a kan bakin, leɓen ƙasa ya rufe haƙoran ƙasa, kuma kada ka kumbura kumatu kamar mai algaita. In ka ji "ƙiii" a tsakiyar busa, ko dai ka ciza ne, ko rishar ta karkace.

Yanayin gari ma yana da nasa. A Riyad iska busasshiya ce, risha kan bushe bakinta ya yi lanƙwasa-lanƙwasa, ta ƙi magana. A Jidda kuwa danshi ne, in ka bar ta a jiƙe cikin akwati sai ta yi fumfuna. Riƙe guda uku ko huɗu kana juya su, kowace ka goge ta ka mayar gidanta. Kada ka bar saksofon a mota da rana, domin ƙaron da ke riƙe fatun murafai yakan yi laushi, fata ta goce, iska ta fara yoyo. Shayi mai sukari kafin aji kuma yana sa murfin sautin da ake kira G♯ ya manne, saboda a rufe yake zama. Kurkure baki da ruwa tukuna.

Sai karatu. In malaminka Balarabe ne, sunayen sautuka zai ce maka Do, Re, Mi, littattafan jaz kuma C, D, E suke rubutawa. Haddace duka biyun a makon farko. Wani abin da ke rikita mutane: in ka busa C a alto, E♭ ne ke fita a fiyano (alamar ♭ tana nufin sauti ya sauka rabin taki, ♯ kuma ya hau rabin taki). Saboda haka in mai fiyano ya ce a shiga B♭, kai G za ka kama. Ɗalibai da yawa sukan zaci kunnensu ne ya lalace, alhali wannan lissafin ne ba a yi musu ba.

A nan Bahaushe yake da gata. Waƙoƙinmu da yawa a kan tsani, wato jerin sautuka daga ƙasa zuwa sama, mai sauti biyar suke tafiya, kamar waƙoƙin Sudan, kuma irin wannan tsanin ne ƙashin bayan bulus, salon da jaz ya sha nononsa a New Orleans. A alto ka kama G, B♭, C, D, F, sannan ka cusa D♭ tsakanin C da D. Wannan ɗayan shi ke kawo kukan nan mai ratsa jiki. Zagayen bulus gaɓa 12 ne, kowace bugu huɗu, ana sauya haɗin sautukan da ke raka waƙa kamar haka: G7 gaɓa huɗu, C7 biyu, G7 biyu, D7 ɗaya, C7 ɗaya, G7 biyu. Ƙirga da ƙafa har sai ka daina ɓacewa, kafin ka fara ƙirƙirar naka.

Atisaye minti 30 kullum ya fi awa uku ranar Juma'a kaɗai. Goman farko ka ja sauti ɗaya-ɗaya, daƙiƙa 10 kowanne, ba rawa ba karkarwa. Goma na tsani da metronom, na'urar ƙirga bugu, a kan bugu 60 a minti, goman ƙarshe na bulus. Ka duba saitin sauti duk shigarka ɗaki: sanyin kwandishan yana sauke shi ƙasa, sai ka tura bakin busa ciki kaɗan, zafi yana ɗaga shi, sai ka zaro. A gidan haya kuwa saksofon yana ratsa bango, don haka ka daidaita lokaci da maƙwabta, ka kauce wa lokutan salla da barcin azahar.