Inda na kai da atisayen tirayatlon, 'yan uwa masu koyo

Salam 'yan uwa. Ga inda aka kwana a ɓangarena kan tirayatlon, wasan da ake haɗa iyo da keke da gudu a jere, kafin kakar wasa mai zuwa.

Na san wasunmu sun zauna jiran Africa Triathlon, hukumar wasan ta nahiyarmu, ta fitar da jadawalin gasanni sannan su fara motsi, to ni dai ban ga amfanin jiran ba, don galibin gasannin Africa Cup ɗin nan a nesa ake yinsu, irinsu Troutbeck a Zimbabuwe da Sharm El Sheikh a Masar, kuma na ƙwararru ne masu neman maki. Mu namu shi ne gajeren zango, iyo mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5, wannan baya canzawa ko wace shekara. Na Olamfik kuwa ninkinsa ne, 1,500 da 40 da 10, shi aka yi lokacin da wasan ya fara shiga Olamfik a Sidni a 2000. Wannan sai gaba in Allah ya kaimu.

Gudu lafiya lau, keke ma alhamdulillah, asubar Lahadi nake fita daga Agege kafin danfo su cika hanya. Matsalar iyo ce, kuma na lura kusan dukkanmu 'yan Arewa nan muke maƙalewa. Wanda ya tashi yana wanka a rafi ko kududdufi gani yake ya iya, amma iyon kai a sama daban yake da wanda ake so, in ka ɗaga kai ƙafafu nutsewa suke sai ka yi ta jan jiki kamar mai jan buhun masara. Abin da ya taimake ni shi ne fitar da numfashi a cikin ruwa a hankali ta hanci, in na juya fuska gefe shaƙa kawai zan yi. Yanzu ina iya haɗa tsawon wurin iyo mai mita 50 ba tsayawa, na juyo na sake, amma mita 750 tsawon nan sau 15 kenan fa, da saura wallahi. Kuma don Allah kada wanda ya tafi bakin teku shi kaɗai wai gwaji, igiyar ruwan Legas ba ta wasa.

Wani ya tambaye ni kan rigar roba ta iyo. Kada ka ɓata kuɗinka Malam, a dokar World Triathlon, hukumar wasan ta duniya, in ɗumin ruwa ya haura digiri 22 an hana irinmu sa ta a gajeren zango, ruwanmu nan kuwa ya fi haka ɗumi. Gara ka sayi gilashin iyo mai kyau da hular kwano.

Hular kwanon ma akwai doka, sai ka ɗaure ta kafin ka ciro keke daga ma'ajiyarsa, kuma ba ka kwance ta sai ka mayar da shi. Na fara gwada wannan a tsakar gida, takalmi a jere, hula a kan kan keke, maƙwabta na ta kallona.

Satin nan zan fara haɗa keke da gudu a jere, a sauka a zarce ko na minti 10 ne, don ƙafa ta saba da nauyin nan na farko. Masu zuwa daga Mile 12 da Idi-Araba, a fito bayan sallar asuba, kowa ya taho da ruwansa.