Fasto baƙo a Fensilbaniya: abin da na tsinta daga rayuwar Muhlenberg

A darasin tarihin ikilisiya, yawancinmu mun fi son labaran shahidai da manyan masu wa'azi. Aikin da ya faɗo mini kuwa a kan wani Bajamushe ne, faston ɗarikar Lutheran, Henry Melchior Muhlenberg, wanda galibin rayuwarsa ta ƙare a kan doki, da cikin aji, da sasanta dattawan ikilisiya. An haife shi a Einbeck a 1711, ya yi karatu a Jami'ar Göttingen, ya koyar a gidan marayu na Halle. A 1741 Gotthilf August Francke, shugaban gidan marayun, ya miƙa masa kira zuwa Amurka, ya kuma isa Filadelfiya, a Fensilbaniya, a watan Nuwamba na 1742.

Ikilisiyoyi uku ne suka roƙi a aiko musu da fasto: ta Filadelfiya, ta New Hanover, da ta Providence, wadda yanzu ake kira Trappe. Sun yi shekaru suna jira, don mutanen Halle sun so a fara tabbatar musu da albashin wanda za su tura. Kafin ya iso, wasu sun riga sun cike gurbin. Wani Valentin Kraft, wanda aka sallama daga aiki a Jamus, yana ta gabatar da kansa a matsayin shugaban Lutheran. Zinzendorf, jagoran wata ɗarikar Kirista da ake kira Morabiyawa, shi ma yana cewa shi ne mai kula da su. Baƙo ya sauka da takardun kira daga Halle da Landan, amma ba wanda ya fito tarbarsa.

Nan ne na daɗe ina tunani. A Jamus ta wancan zamani sarki ko hukuma ke naɗa fasto, ita ke gina majami'a, ita ke biyan albashi. A Fensilbaniya babu ko ɗaya. Manomi na iya ce maka ya gaji da wa'azinka, ya riƙe kuɗinsa, ba kuma wanda zai hukunta shi. Takardun sun yi amfani, gaskiya, domin da su ya tsaya gaban Kraft da Zinzendorf, har Zinzendorf ya koma Turai a farkon 1743. Amma takarda kujera kawai take ba mutum. Abin da ya zaunar da shi a kanta, a ganina, makaranta ce. Ya tarar da samari masu shekara goma sha bakwai zuwa ashirin ba su san baƙaƙe ba, sai ya riƙa yin mako guda a kowace ikilisiya yana koyar da karatu da katikismus, ya yi wa'azi ran Lahadi, ya hau doki zuwa ta gaba. Tsakanin Filadelfiya da New Hanover ya fi mil 30, ga koguna, ga ƙanƙara lokacin hunturu. Uban da ya ga ɗansa ya fara haɗa baƙi ba ya sake tambayar wa ya aiko ka.

Tun da na karanta wannan, idan aka tura ni wurin da ban san kowa ba, ba na fara zaro shaidar makaranta. Nakan tambayi abin da yaran wurin suka rasa. Ko sannu da zuwa ma daga baya take zuwa, ta kuma fi daɗi.

Da yawa daga mutanensa matalauta ne ƙwarai. Wasu sun hau jirgi ba su da kuɗin jirgin, da isowa sai a sayar da aikinsu na shekaru don biyan bashin tafiya, wani lokaci iyaye da 'ya'ya a gidaje daban. Duk da haka a 1743 mutanen Trappe suka soma gina majami'ar Augustus da duwatsu, tana nan tsaye har yau. A 1745 ya auri Anna Maria, 'yar Conrad Weiser, tafintan gwamnati a wurin 'yan asalin ƙasar. Da wannan aure ya daina zama ɗan aike mai jiran komawa gida, bai kuma sake taka Jamus ba.

Ɗaya abin da ya tsaya mini shi ne yadda ya damu da tsari, abin da mu matasa mukan raina. A 1748 ya tara fastoci da wakilan ikilisiyoyi suka kafa majalisar ikilisiyoyin Lutheran ta Fensilbaniya, suka amince da tsarin sujada guda. A 1762 ya rubuta wa ikilisiyar Filadelfiya kundin dokoki, wanda wasu suka kwaikwaya. Kullum kuma yana rubuta abin da ya faru: wa aka yi wa baftisma, wa ya yi rigima, nawa aka tara. Ba zan ce yana da sauƙin hali ba. Rubuce-rubucensa cike suke da ƙorafi, kuma ba ya sassauta wa abokan hamayya. Sai dai saboda wannan rubutu ne muka san abin da ya gudana, har da laifinsa.

Yaƙin neman 'yancin Amurka ya same shi da tsufa. Ya so fasto ya nisanci siyasa, 'ya'yansa kuwa suka ƙi. Peter ya bar bagade ya zama janar, Frederick ya zama kakaki na farko na Majalisar Wakilan Amurka a 1789. Uban bai ga naɗin Frederick ba, domin ya rasu a Trappe a 1787.