Bana ni na shirya maulidin Islamiyyarmu

Bana ni aka ɗora wa shirya maulidin Islamiyyar unguwarmu a nan Kano, kuma gaskiya na ga abu. Tun Safar bai ƙare ba iyaye suka fara kira, ba wanda ya tambayi me yara za su karanta, kowa maganar anko yake, wane yadi za a ciro, nawa ne ɗinki. Kanofi da kujeru da janareto da lasifika su suka lashe kusan duk kuɗin da aka tara, ɗan abin da ya rage muka yi dafa-duka da zoɓo.

Abu ɗaya na dage a kai. Kullum yara baitocin Ishiriniya suke haddacewa su zo su rera, daɗi ba a magana, ana ta liƙi, amma ka ja yaro gefe ka ce me ka faɗa yanzu sai ya tsaya yana kallonka. Shi ne na ce kowane aji ya ɗauki wani yanki na sira ya kawo da Hausa. 'Yan aji uku suka ɗauki yarintar Annabi (SAW), rasuwar mahaifinsa Abdullahi tun yana ciki, rainonsa wajen Halimatus Sa'adiyya, rasuwar Nana Amina a Abwa yana ɗan shekara 6, kakansa Abdulmuɗɗalib ya riƙe shi shi ma ya rasu yana da 8, sai Abu Ɗalib. Yarinyar da ta karanta tana zuwa wajen Abwa muryarta ta fara rawa, wallahi matan da ke ta surutu a baya tsit suka yi. Manyan kuma Ɗa'ifa suka kawo, yadda aka jefe shi har jini ya zuba amma bai yarda a hallaka mutanen ba.

Na gane dole sira ta zo da wuri, ana idar da isha'i, don da zarar sha'irai sun karɓi makirfo shikenan ba mai sauraron karatu kuma.

Sai maganar maƙwabta. Akwai waɗanda ba sa maulidi a layinmu, na je har gida na ce musu sha ɗaya za mu tashi, sha ɗayan kuwa na sa aka kashe lasifika duk da sha'irin bai so ba, yana ta cewa Malam saura baiti ɗaya.