Na sayi kaye da jaka, ban tambayi yaron komai ba

Ƙannena da kuka fara kai yara lakwal, ku ji abin da ya same ni.

Shekarar da babban ɗana ya gama CM2, ajin ƙarshe na firamare, zai shiga sizyam, ajin farko na kwalej, tun tsakiyar Satumba na shiga kasuwar Tawa ran Lahadi na sayo kaye (littattafan rubutu), bik, jaka da takalmi, na kai yadi wurin tela. Daren da za a koma, farkon Oktoba, na zaunar da shi na yi ta faɗa: da gumi aka samo kuɗin nan, in ya kawo ƙasa da 10 bisa 20 kada ya nuna mini fuskarsa. Kansa a sunkuye, "To, Baba" kaɗai yake cewa. Na tashi ina ganin na sauke nauyi.

Da sakamakon farko ya fito, 7 ya samu. Uwarsa ce ta lallashe shi har ya buɗe baki. Shekara 6 ya yi a firamare, kowane aji malami guda ke riƙe su, in Faransanci ya gagara sai mushe ya juya musu da Hausa. A kwalej kuwa kowane darasi da malaminsa, wannan na fita wancan na shiga, ana faɗa da baki kana rubutawa da sauri, ga Ingilishi da bai taɓa yi ba. Hannunsa na rubutu, kansa bai ɗauka. Tun makon farko ya san ya ɓace, amma wa zai gaya wa? Ni da na ce kada ya nuna mini fuska? Wata huɗu yaron nan yana haɗiye tsoro shi kaɗai, muna cin tuwo kwano ɗaya. Har yau in na tuna sai zuciyata ta sosu.

Don haka kada ku bari sai daren komawa. Ku fara tun saura mako biyu, kuma kada ku zaunar da yaro gabanku kamar mai laifi. Mu muka koya musu kunyar manya, ba za su kalle mu ido da ido su faɗi damuwarsu ba. Maganar ta fi fita in kun jera a hanya, ko ka ɗauko shi a bayan babur, ko kuna ɗaurin damin gero tare. "Ka shirya?" ba tambaya ba ce, amsarta kullum "I". Ka ce: wane darasi ne ya fi ba ka wuya bara? Da wa za ka zauna? Akwai wanda ke dukanka a hanya? In ka tambaya, ka yi shiru ka jira, ko da shirun ya yi tsawo. Nan ne na fi kasawa.

In ɗiya mace ce ta fara girma, akwai abin da ba za ta faɗa wa uba ba, kamar zancen makewayi a makaranta da kwanakin al'ada. A bar wa uwa ko gwaggo.

Bana autata ce za ta shiga CI, ajin farko na firamare. Jiya da la'asar muka taka har ƙofar makarantar don ta ga hanya. Muna dawowa ta riƙe rigata ta ce, "Baba, in fitsari ya kama ni, da Faransanci zan faɗa?" Na ce ta faɗa da Hausa, malama za ta ji, kuma ranar farko ni zan raka ta har bakin aji.