Kwantar da ɗinki da ɗan katako: abin da sana'a ta koya mini

Hannun tela ba ya ɓuya idan aka juya riga ciki waje. Darasin da ya fi zauna mini a wannan aiki shi ne kada wani layin ɗinki ya hau kan wani sai an kwantar da na farkon. Idan aka haɗa kafaɗar kaftani aka zarce da sa hannu, rarar yadin da ke ciki takan dunƙule a mahaɗa. Ko an kai wa masu bugu ba za su fitar da wannan ƙullin ba, domin zare ya riga ya kama shi.

To amma wa zai hura gawayi saboda layi ɗaya, a Sakkwato, cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ga wuta ba tabbas? Nan ne ƙaramar rola ke da rana. 'Yar taya ce ta katako, faɗinta kamar inci ɗaya, da mariƙi, tana zaune kusa da keke. Wanda ba shi da ita, kafinta zai gyara masa guntun katako mai tauri, ya goge shi da sanfefa har ya yi sumul. Kada a shafa masa fenti ko mai, kuma a gwada shi a kan jiƙaƙƙen farin ƙyalle tukuna, don jan katako yakan yi zuba.

Wurin da ake dannawa shi ne rabin aikin. Teburi mai tauri ake so, don a kan katifa ko tarin yadi ƙarfin hannu nutsewa yake yi. Da farko a bi layin yadda ya fito daga keke, a rufe, zaren ya zauna cikin yadi. Sannan a buɗe rarar da yatsa, wadda a riga yawanci santimita ɗaya da rabi ce, a bi ta da rola kaɗan-kaɗan, tsawon ɗan yatsa, sau biyu ko uku. Ƙasa ake danna ƙarfi, ba gaba ake turawa ba. Mai turawa yana miƙar da yadi, musamman inda aka yanka a karkace kamar wuya da hammata, sai a ga wuya ya buɗe baki ya ƙi kwanciya a jiki. A irin waɗannan lanƙwasa sai an ɗan tsattsaga rarar da bakin almakashi, ba tare da an taɓa zaren ba, kafin a danna.

Atamfa da shadda ta auduga suna karɓar wannan danni sosai, shadda ma ta fi son sa, tunda ɗigon ruwan guga yakan bar tabo a ƙyallinta. Yadi mai roba kuwa ba ya jin rola, da an ɗaga hannu ya miƙe, sai da ɗumi kaɗan. Idan an sa dutsen guga, a ɗora katakon nan take a danne kamar daƙiƙa 10, yadin ya huce a kwance. Leshi mai duwatsu kada rola ta hau shi, fasa su take yi.

A aikin fata kuwa, inda dukawan garin nan suka yi suna da fatar jan akuya, zafi ƙandarar da fata yake yi. Gam ake shafawa siriri a ƙarƙashin rarar, a jira ya fara kamawa, sannan a bi da rola daga ciki. Idan aka bi ta fuskar fatar, gefen tayar zai bar sawu wanda ba ya gogewa.

Lokacin hunturu a riƙa share rolar da busasshen ƙyalle kafin ta taɓa farar shadda, don ƙurar da ta kwanta a kanta cikin zaren take shigewa.