Bishiyar Kirsimeti mai rai: yadda za ta kai ga dashe lafiya

Ina cikin masu ganin cewa bishiyar Kirsimeti da aka saya da saiwarta ta fi wadda aka sare daraja, domin idan biki ya wuce ana iya dasa ta ta ci gaba da girma shekara da shekaru. Sai dai da yawa daga cikin irin waɗannan bishiyoyi suna mutuwa kafin bazara, kuma ɗumin gida yana cikin manyan abubuwan da ke kashe su.

A ƙasashen da ake tsananin hunturu, itatuwan da ake amfani da su a matsayin bishiyar Kirsimeti, irin su waɗanda masana ke kira Picea abies da Abies nordmanniana, suna shiga wani hutu idan sanyi ya kama, girmansu ya tsaya, tohonsu ya rufe har sai yanayi ya sassauta. Idan aka shigo da bishiyar ɗakin da ake ɗumamawa aka bar ta makonni, sai ta ɗauka bazara ta zo, ta fara fitar da sabon toho mai laushi, wanda sanyin waje zai ƙone da zarar an mayar da ita. Shi ya sa masana harkar lambu ke ba da shawarar kada ta wuce kwana 7 zuwa 10 a cikin gida. Na san wannan yana da wuya ga wanda ya saba ƙawata bishiyarsa tun farkon Disamba, amma duk wanda bai shirya haƙuri da wannan ƙa'ida ba, gara ya sayi sararriya.

Tun wajen saye ya kamata a tambayi mai sayarwa ko bishiyar ta girma ne a cikin tukunyar da ake sayar da ita, ko kuwa daga gona aka tono ta aka cusa a ciki ana gab da biki. Wadda aka tono ta riga ta rasa yawancin ƙananan saiwoyinta, waɗanda da su take shan ruwa, don haka rayuwarta bayan dashe ba ta da tabbas. Ƙaramar bishiya kuma ta fi babba saurin kamawa, ga sauƙin ɗauka, domin dunƙulen ƙasar da ke jikin saiwa yana da nauyi ƙwarai. A riƙa ɗaga ta ta tukunya, kada a ja ta ta gangar jiki.

Kafin a shigar da ita ɗaki, a ajiye ta kwana uku ko huɗu a gareji ko baranda mai rufi inda babu ɗumi, haka kuma za a yi mata idan za a fitar da ita. A cikin ɗakin a nema mata wuri mafi sanyi, kusa da taga, nesa da murhu da na'urar ɗumama ɗaki, a kuma yi mata ado da fitilun LED, waɗanda ba sa fitar da zafi sosai. Batun ruwa shi ne abin da na fi damuwa da shi. Ƙasar tukunya tana bushewa da sauri a ɗaki mai ɗumi, kuma irin waɗannan itatuwa ba sa nuna ƙishirwa da wuri, ganyensu yakan ci gaba da zama kore bayan saiwar ta riga ta lalace. A taɓa ƙasar da yatsa kullum, a zuba ruwa idan samanta ya bushe, amma kada a bar tukunyar tana zaune cikin ruwa har saiwa ta ruɓe.

Inda ƙasa ke daskarewa, a haƙa ramin tun lokacin kaka, a adana ƙasar da aka fitar a wurin da ba za ta ƙanƙare ba. Faɗin ramin ya ninka na dunƙulen saiwa sau biyu ko uku, zurfinsa kuwa kada ya wuce tsayin dunƙulen, domin binne wuyan bishiya yana kashe ta sannu a hankali. A cire igiya da duk buhun roba da aka naɗe saiwar da shi, a cike ramin, a ba da ruwa sosai, sannan a shimfiɗa ɓawon itace mai kaurin santimita 5 zuwa 8 ba tare da ya taɓa gangar jikin ba. Taki ya jira sai bazara. A kuma tuna cewa Picea abies tana iya wuce mita 30 a tsayi, saboda haka bai dace a dasa ta kusa da gini ko ƙarƙashin wayoyin lantarki ba.

Ga mazauna wurare masu zafi lissafin ya bambanta, domin waɗannan itatuwan sanyi ba za su rayu a can ba. Wata bishiya da ake kira Araucaria heterophylla, wadda asalinta tsibirin Norfolk ne da ke gabas da Ostireliya, ita ta fi dacewa da su: ba ta jure ƙanƙara, amma tana iya zama a tukunya duk shekara muddin tana samun haske da danshi, a riƙa sauya mata tukunya mafi girma duk bayan shekara biyu ko uku.