Damina ta daina cin kifi

Laraba, bayan isha'i.

Yau kwana uku magena Damina ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa. Ruwan ma sai ta je ta tsaya a kan kwanon, ta sunkuyar da kai, ta daɗe tana kallonsa. Da asuba na buɗe mata gwangwanin kifi, wanda a da ko tana kan katanga ta ji ƙararsa sai ta diro. Ta sansana ta kau da kai.

Da hantsi na naɗe ta a tsohon zanena, na tari adaidaita sahu zuwa asibitin dabbobi. Mai adaidaitar ya waiwayo ya ce, "Hajiya, mage ce za a kai asibiti?" Ban tanka masa ba.

Likitan ya kama fatar bayan wuyanta ya ɗaga ya saki, fatar ta tsaya cak ba ta koma ba. Ya ce ruwan jikinta ya ƙare. Ya buɗe bakinta ya nuna mini gyambo a dasashi, ga wani wari kamar na fitsari. Ƙoda ce. Ya ce ciwon ya fi kama tsofaffin kyanwoyi, kuma ba ya bayyana sai mafi yawan ƙodar ta riga ta lalace. Yawan shan ruwa da yawan fitsarin da na lura da su tun bara, ashe su ne farkonsa. Ni kuwa na ɗora wa zafi laifi. Daga kilo 4 ta koma 2 da ɗan kaɗan. Ya koya mini yadda zan riƙa sa mata ruwa a ƙarƙashin fata, ya gaya mini gaskiya cewa sauƙi kawai zai ba ta, ba waraka ba. Ya kuma yi maganar allurar da ke raba dabba da wahala. Na ce masa ba yau ba.

Shekara 11 ke nan da muka tsince ta, a daminar farko ta aurenmu, tana kuka a bakin kwata. Shi ya ɗauko ta a cikin hularsa, shi ya raɗa mata sunan. Allah bai ba mu haihuwa ba, kuma na sha jin danginsa suna cewa na maida mage 'ya. A da shi ke tare mini faɗan. Daga baya ya koma yin shiru, shirun ya yi ta tsawo har ya kai mu ga takardar da ya ajiye mini a kan madubi wata ɗaya da ya wuce. Saki ɗaya.

Na so in tafi gida a ranar, Baba ya hana. Ya ce Suratuɗ Ɗalaƙ ta yi hani da fitar mace daga ɗakinta kafin idda ta cika, ko Allah zai kawo wani al'amari. To ina nan, ina cikin tsarki na biyu. Ina dafa abinci, yana ci a falo, muna gaisawa kamar maƙwabta.

Gwaggo ta kira da la'asar, ta ji muryata ta ce, "Haƙuri dai, 'yar nan, zai mayar da ke." Na kasa gaya mata cewa kukan na yau na Damina ne. Ni kaina na rasa inda ɗaya ya tsaya ɗayan ya fara.

Bayan magariba na rataye ledar ruwan a ƙusar bango, hannuna na rawa, allurar ta ƙi shiga. Sai na ji sallamarsa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonmu, sannan ya cire takalmi ya durƙusa, ya riƙe ta a cinyarsa yana shafa mata kunne. Ruwan ya taru a bayanta kamar ƙwai, yadda likita ya ce zai yi. Ya ce, "Me ya sa ba ki gaya mini ta kai haka ba?" Na ce, "Ba ka tambaya ba." Bai ce komai ba, sai da ruwan ya gama shiga ya tashi.

Yanzu tana kwance a kan sallayata, numfashinta sama-sama. Ɗazu ta lashi ruwa sau biyu daga yatsana. Fitilar ɗakinsa a kunne take har yanzu.